Nomau da Akun Sarkin Kasuwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da fatake ke tafiya da jakuna. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko mai unguwa bai taɓa zama ba. Idan ana lissafa mutanen garin, sai mai lissafi ya gaji kafin ya zo kansa. Sana'arsa sayar da tsuntsaye da ƙananan dabbobin da mutane ke ajiyewa a gida don sha'awa: tattabaru, kanari, zomaye, 'yan kyanwa, wani lokaci har da ɗan barewa idan maharba sun kawo. Ku matso, ku saurara. Labarin nan ya shafi kowa a cikinmu, har da wanda ko kaza ba ya kiwo.

Rumfar Nomau tana gindin wani babban ɗurumi a tsakiyar kasuwa, dab da rijiya. Duk kasuwar babu wurin da ya kai nan sanyi. Ubansa ne ya fara zama a wurin, shi kuma ya ɗora. Amma ku sani, rumfar kasuwa ba gonar gado ba ce. Sarkin Kasuwa ke ba da ita, shi ne kuma ke karɓewa duk ranar da ya ga dama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nomau yana da ɗabi'u biyu da suka sa aka san shi, suka kuma sa ake yi masa dariya.

Ta farko, ruwa. Kullum da safe, kafin ya sa ko loma ɗaya a bakinsa, sai ya wanke kasaken ruwan tsuntsayensa tas. Ya jawo sabon ruwa daga rijiya, ya kurɓa da bakinsa tukuna, sannan ya zuba musu. Idan aka tambaye shi dalili, sai ya ce ruwan da shi ba zai iya sha ba, ba zai ajiye wa wanda ba shi da bakin cewa ba ya so ba. Yana bi keji keji, yana leƙawa, yana cewa, "Wa bai sha ba? Wa bai sha ba?" Haka yake yi da safe, haka yake yi idan rana ta take.

Ta biyu kuwa ita ce ta fi ba mutane haushi. Idan ka zo sayen ko da tattabara biyu ce, ba ya miƙa maka sai ya yi maka tambaya uku. Ina za ka ajiye su? Akwai inuwa a wurin? Wa zai riƙa ba su ruwa? Idan ka ce "mutanen gida," sai ya girgiza kai ya ce, "Sunan mutum ɗaya nake so." Bayan an gama ciniki kuma sai ya ce maka, "Zan zo ranar bakwai." Kuma zai zo. Ranar da dabbar ta cika kwana bakwai a hannunka, sai ka ji sallamarsa a ƙofar gida. Idan ya tarar da ita cikin ƙoshin lafiya, ya yi maka godiya ya juya. Idan ya tarar da ita a wulaƙance, ya mayar maka da abin da ka ba shi, ya ɗauki abarsa ya tafi.

Shi ya sa 'yan kasuwa suka laƙa masa suna Surukin Tattabaru. Idan ya wuce sai su ce, "Yau wace amarya za a je dubawa?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Wadda aka kai unguwar Marina." Ba ya jin haushi. Matarsa Yalwa ce ke jin haushin a madadinsa, don ita ke jin habaicin mata a bakin rijiya.

To, wata rana fatake suka iso daga ƙasar kurmi. A cikin kayansu akwai aku, mai launin toka da jar wutsiya, sun cusa shi a wani ɗan kwando tun daga can. Da aka buɗe kwandon, tsuntsun ko tsayuwa ba ya iya yi. Bafataken ya ce ai wannan mushe ne, a jefar. Nomau ya ce a ba shi. Ya kai shi gida, ya jiƙa auduga yana ɗiga masa ruwa a gefen baki, ɗigo ɗaya, ya jira ya haɗiye, sannan ya ƙara. Ya tauna masa gyaɗa ya ba shi. Wata uku yana wannan hidima kafin akun ya murmure.

Da ya warke, Nomau bai sa shi a keji ba. Ya kafa masa sanda a cikin rumfa, nan yake wuni yana kallon kasuwa. Kun san aku, abin da ya ji shi yake maimaitawa. Bai koyi zagi ba, bai koyi kirari ba. Abu ɗaya ya kama, wanda yake ji kullum. Wata safiya Nomau yana wanke kasake sai ya ji an ce daga bayansa, da muryarsa sak, "Wa bai sha ba?" Kasuwa ta ɗauka. Mutane suka riƙa barin cinikinsu suna zuwa jin tsuntsu mai tambayar ruwa.

Labari ya kai kunnen Sarkin Kasuwa, wani mutum mai suna Barmo. Kada ku ɗauka Barmo azzalumi ne. A'a. Mutum ne mai kyauta, gidansa ba a rufe tukunya. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a gan shi da abin da wani ba shi da shi, kuma ba ya son a gyara masa magana a gaban mutane. Irin wannan ciwon, idan muka duba da kyau, ba a gidan Barmo kaɗai yake kwana ba.

Ya zo da kansa, mutanensa na biye. Ya tsaya ya ji akun, ya yi dariya har rawaninsa na rawa. Ya ce, "Nomau, wannan tsuntsu ƙofar gidana ta dace da shi. Faɗi abin da kake so."

Nomau ya dubi akun a kan sandarsa. Ba ya son rabuwa da akun, amma wa zai ce wa mai rumfa a'a a cikin rumfarsa? Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina za a ajiye shi?"

"A zaure, inda baƙi za su gan shi."

"Akwai inuwa, ranka ya daɗe?"

"Zaurena ne babu inuwa?"

"Allah ya huci zuciyarka. Wa zai riƙa ba shi ruwa?"

Barmo ya dubi mutanensa, suka yi dariya tare. Ya ce, "Mutum talatin ke kwana a gidana. Ruwan tsuntsu ɗaya ne zai gagare su? Kowa zai ba shi."

Ku saurara da kyau, don a nan Nomau ya yi kuskurensa. Bakinsa ya buɗe zai ce sunan mutum ɗaya yake so, kamar yadda yake gaya wa kowa. Sai ya ɗaga kai ya ga inuwar ɗurumin nan a kan kejinansa, ya haɗiye maganar. Ya karɓi "kowa" daga bakin babban mutum, amsar da ba zai karɓa daga bakin talaka ba. Abin da ya iya faɗa kawai, murya ƙasa ƙasa, shi ne, "Zan zo ranar bakwai." Barmo ko juyowa bai yi ba.

Ranar bakwai ta zo. Yalwa ta ga yana neman hularsa, ta tare bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, yau dai ka yi ciwon kai mana. Wannan ba gidan marina ba ne."

Ya ce, "Na faɗa a gaban mutane zan zo."

"Mutanen sun manta. Shi ma ya manta. Kai kaɗai ka riƙe."

"Akun fa?"

Ta ce, "Akun yana gidan da ake dafa nama kullum. Mu ne za mu ji tausayinsa?" Ta ga ba zai fasa ba, sai ta matsa ta ce, "To ka je. Amma duk abin da ka gani, ka ce madalla ka dawo. Ka tuna da rumfa."

Ya isa da hantsi, zaure cike da baƙi. Tun daga nesa ya hango akun. An ƙera masa keji na ƙarfe mai kyau, an yi masa ado da jar fata, amma saboda ƙanƙantarsa akun ko fiffike ba ya iya buɗewa. Kuma ba a cikin zauren aka rataye shi ba. A bakin ƙofa aka rataye shi ta waje, don masu wucewa su gani, rana na dukansa tun fitowarta. Nomau ya matsa. Ƙirjin tsuntsun ya zama jan nama, don shi da kansa yake fizge gashinsa. Ƙasan kejin cike da ɓawon goro da mutane ke tura masa don ya yi magana. Ya sa yatsa a kaskon ruwa. Ƙura ce ta biyo yatsan.

Babu wanda ya ƙi tsuntsun nan a gidan, ku gane. Mata sun ɗauka mazan zaure ke ba shi ruwa, tunda a wurinsu yake. Mazan zaure sun ɗauka daga cikin gida ake aiko masa. Mutum talatin, kowa na tsammanin wani ya yi.

Nomau ya shiga ya yi gaisuwa. Barmo ya ce, "A'a, Surukin Tattabaru. Ka zo duba amarya? To ka ga ɗakin da na yi mata." Aka yi dariya. Nomau ya ji maganar Yalwa a kunnensa. Ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Madalla." Ya tashi, ya sa takalmansa, ƙafarsa ɗaya har ta fita.

Sai akun ya ɗaga kai. Ya ga Nomau. Ya buɗe baki, da wata murya busasshiya wadda ba ta fita sosai, ya ce, "Wa bai sha ba?"

Zaure ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Kwana uku bai yi magana ba, yau ya ga ubansa." Nomau kuwa tsayawa ya yi kamar an kafa shi. Kunya ta kama shi, kunyar kansa, ba ta mutane ba. Ya cire takalman ya koma ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ce madalla, amma ƙarya na yi. Tsuntsun nan ƙishirwa ke kashe shi. Idan ya ƙara kwana biyu a wurin nan, ba zai kai na uku ba. Laifin ba naka ba ne kai kaɗai, ni ne ban tsaya na ji sunan mai ba shi ruwa ba. Ina roƙon a bar ni in tafi da shi." Ya kwance bakin rigarsa ya ajiye kuɗin akun da aka ba shi a gaban Barmo.

Fuskar Barmo ta canza. Ya ce, "A gaban baƙina za ka ce a gidana ana kwana da ƙishirwa?"

"Ban ce mutum ba, ranka ya daɗe. Mutum zai iya tambaya."

"Ɗauki tsuntsunka. Gobe kuma kada rana ta fito ta same ka a gindin ɗurumin nan."

Haka aka yi. Aka ba wani mai sayar da tabarmi rumfar. Aka nuna wa Nomau wani fili a ƙarshen kasuwa, bayan maƙera, inda babu bishiya ko ɗaya, rijiya kuma da nisa. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne.

Yanzu wasunku suna jira in ce washegari Allah ya buɗa masa, ya tsinci tukunyar zinariya. A'a. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan yi muku ƙarya don labari ya yi daɗi ba. A makon farko, tattabara uku da zomo ɗaya suka mutu a hannunsa saboda zafi. Ya zo da su gida a cikin kwando don ya binne. Yalwa ta leƙa ta gani. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ka ceci ɗaya, ka gasa arba'in. Waɗannan su ba rai gare su ba?"

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Ya zauna a tsakar gida ya yi kuka, babban mutum da gemunsa. Da ya gama, ya tashi ya kwance zanan da ya kewaye bayan gidansa, ya ɗauka a ka ya kai kasuwa ya kafa inuwa. Yakan tuɓe rigarsa ya jiƙa ta ya shimfiɗa a kan kejina, shi ya zauna a rana da 'yar shara. Sau huɗu yake zuwa rijiya a wuni. Da ya ga duk da haka wurin ba zai ɗauki dabba da yawa ba, sai ya buɗe wa kanarin da aka kamo daga daji suka tafi, ya daina zuwa kasuwa da abin da ya fi ƙarfin inuwarsa. Kaya suka ragu, ciniki ya ragu. Gidan da ake ɗora tukunya sau biyu ya koma sau ɗaya.

Da abin ya yi tsanani, Yalwa ta ce ya je ya ba da haƙuri. Ya je. Ya ce idan yadda ya yi maganar ne ya ɓata rai, a yafe masa. Barmo ya ce, "Abu mai sauƙi. Dawo da tsuntsun, ka tsaya a zauren nan ka ce ƙarya ka yi mini. Gobe ka koma inuwarka." Nomau ya daɗe a durƙushe. Yana ganin ɗurumin a zuciyarsa, yana jin sanyinsa a jikinsa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaryar da na yi a zauren nan ɗaya ce, ita ce madalla, kuma na janye ta." Ya dawo gida ya gaya wa Yalwa. Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Akun naka ya fara fitar da gashi a ƙirji. Na ba shi gyaɗa."

Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, bazara ta sake zagayowa. Nomau yana nan bayan maƙera. Sai wata safiya labari ya bazu a kasuwa cewa Sarkin Kasuwa ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Nomau ya ɗauki hularsa. Yalwa ta ce, "Wanda ya kore ka?" Ya ce, "Dubiya ce."

Saboda yawan masu zuwa, a zaure aka shimfiɗa wa Barmo, don kada baƙi su riƙa shiga cikin gida. Kwanansa huɗu a nan. Wannan ya shigo ya yi addu'a, wancan ya kawo saiwa, wani ya ba da labarin kawunsa da irin wannan ciwo ya kama. Kowa na magana a kansa, ba mai magana da shi. Nomau ya sami gefe ya zauna.

Ku saurara. Mutumin da ya yi shekara talatin yana duba waɗanda ba sa iya magana, idonsa ba irin namu ba ne. Kowa ya ga mara lafiya. Nomau ya ga leɓen da ya tsage, ya ga harshen da ke motsi a bushe, ya ga idon Barmo yana zuwa kan wata ƙwarya da ke gefen bango, ya dawo, ya sake komawa.

Ya matsa kusa da babban ɗan Barmo, magidanci ne mai iyali, ya ce a hankali, "Wa ke ba shi ruwa?"

Ɗan ya ce, "Ana ba shi. Kowa na ba shi."

"Yau wa ya ba shi?"

Ɗan ya dubi ƙaninsa, ƙanin ya dubi wani. Aka aika cikin gida, mata suka ce su sun ɗauka ana ba shi a zaure. Wani dattijo ya ce shi ya gwada kafa masa ƙwarya a baki jiya, ya ƙware, sai aka ce ba ya so.

Nomau ya ɗauki ƙwaryar ya kurɓa. Ruwan ya kwana, ya yi ɗumi. Ya zubar, ya wanke ƙwaryar, ya ce a kawo daga randa, a kawo auduga mai tsabta. Ya sake kurɓa. Ya tallafo kan Barmo ya ɗora a cinyarsa, ya jiƙa audugar, ya ɗiga masa a gefen bakin da ke da rai. Ɗigo ɗaya, ya jira ya haɗiye, ya ƙara. Hannunsa ya saba, bakinsa ma ya saba. Bai san lokacin da ya ce, a hankali, yadda yake faɗa kullum, "Wa bai sha ba?"

Barmo ya ji. Ya ɗago ido ya dubi fuskar da ke kansa. Hawaye suka gangaro ta gefen idonsa har cikin kunne. Babu wanda ya yi dariya a zauren ran nan.

Kafin ya tafi, Nomau ya nuna wa babban ɗan yadda ake yi, sannan ya faɗi maganar da ya haɗiye bara. Ya ce, "Sunan mutum ɗaya nake so." Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Baba Nomau." Duk da haka, kullum da safe idan ya gama da kejinansa, sai ya biyo ta gidan ya duba.

Bayan wata biyu harshen Barmo ya fara sakuwa, kalma ɗaya, kalma biyu. Wata safiya ya riƙe hannun Nomau da hannunsa na hagu, ya yi ta kokawa da bakinsa, har ya fitar da ita: "Inuwa. Koma."

Abin da Nomau ya shekara yana mafarki ke nan. Ya yi godiya. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Ɗurumin nan ya fi ƙarfin rumfa ɗaya. Da na zauna a rana na ga maƙwabtana. Masu kaji suna ɗaure su ƙafa sama tun safe, masu awaki ba sa kai su rijiya sai an tashi kasuwa. Da za a tara duk mai sayar da abu mai rai a gindin bishiyar nan, kowa da kaskon ruwansa, da na fi jin daɗi. Mai tabarmi kuma kada a kore shi da faɗa, a ba shi wuri mai kyau. Tabarma dai ba ta jin ƙishi." Barmo ya yi wata 'yar dariya da rabin bakinsa, ya ɗaga wa ɗansa kai. Kafin mako ya zagayo an yi hakan.

Kun san halin mutane da mara lafiya. Makon farko zaure ba ya ɗaukar jama'a, bayan wata uku sai ƙudaje. Barmo ya koma wuni shi kaɗai a kan buzunsa. Wata rana ya dubi Nomau ya ce, "Akun." Sannan ya ƙara da cewa, "Idan ka yarda."

Wannan karon ba tsoro a cikin Nomau. Ya gyara zama ya ce, "Ina za a ajiye shi?"

Barmo ya nuna gefen shimfiɗarsa. "Nan. Ba keji."

"Akwai inuwa?"

Ya nuna rufin zauren.

"Wa zai riƙa ba shi ruwa?"

Barmo ya ɗaga hannunsa mai rai, ya dafa ƙirjinsa. "Ni."

Nomau ya ce, "Zan zo ranar bakwai, ranka ya daɗe."

Ranar bakwai ya zo da sassafe. Bai yi sallama nan da nan ba, ya tsaya daga bakin ƙofa. Akun yana kan sandarsa, ƙirjinsa cike da gashi. Barmo ya ja jiki ya matso, ya kama ɗan kasko da hannun hagu, ruwan na zuba a rigarsa. Ya kai kaskon bakinsa, ya kurɓa, ya jira, sannan ya miƙa wa tsuntsun. Nomau ya juya ya koma kasuwa, don ya ga abin da ya zo gani.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Duk rai da ka tsare, ka hana shi fita neman abincinsa da ruwansa, ya zama amana a wuyanka, kai da sunanka, ba "mutanen gida" ba. Sayensa da ka yi bai ba ka ikon wulaƙanta shi ba. Ya ɗora maka haƙƙinsa ne, kuma za a tambaye ka.

Kai mai shagon tsuntsaye, kai mai zomaye da 'yan kyanwa, kai mai kifi a kwalba, ina magana da kai. Kejin da ka cusa ashirin a wurin biyar, ka jera a bakin titi rana na gasa su don masu mota su gani, za ka iya wuni a cikinsa? Ruwan da ke kaskon nan, za ka iya kurɓa? Ka taɓa tambayar mai saye inda zai kai abin da ka miƙa masa, ko kuwa da ya juya baya shi ke nan?

Ku kuma masu saye, kada ku yi murmushi, ban tsallake ku ba. An ga zomo an yi sha'awa, an kawo gida, kwana uku kowa na rububinsa, rana ta huɗu ba wanda ya san ko ya ci. Karen gadi yana ɗaure da sarƙa a rana, an ce ai kare ne. Kyanwa ta tsufa ta daina kama ɓera, an sa ta a buhu an kai bayan gari. Idan ka san ba za ka iya ba, kada ka saya. Barinsa ba laifi ba ne. Idan kuwa ka saya, to ka riƙe har ƙarshe.

Kuma ku tuna da Barmo a kan shimfiɗarsa. Bakin nan da muke taƙama da shi aro ne. Rana na iya zuwa da ni ko kai za mu kwanta, ido na kallon ƙwarya, harshe ya ƙi motsi, gida cike da mutane. Ran nan abin da za mu so shi ne mutum ɗaya da ya koyi duba wanda ba ya iya tambaya.

Saboda haka yau idan kun koma gida, kafin ku zauna ku ce a kawo muku abinci, ku zaga. Ku leƙa keji, ku leƙa turke, ku leƙa ɗakin tsohuwa. Ku yi tambayar Nomau, kuma kada ku karɓi "kowa" a matsayin amsa. Allah ya sa mu ji tausayin na ƙasa da mu, ya ji tausayinmu ranar da ba mu da bakin roƙo. Ku ce amin.